An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Matse Fayiloli a Cikin MATLAB da Octave

Kwanakin baya wani malami da ya daɗe yana koyar da ɗaliban injiniya ya rubuta maƙala yana jan kunnen masu koyon MATLAB da Octave, cewa su daina ɓata lokaci a kan umarnin zip da unzip da tar da gzip. A ganinsa, don lissafi aka gina waɗannan manhajoji, matse fayil kuwa aikin WinRAR ne: ka danna linzami, ka zaɓa, shi ke nan. Ya ƙara da cewa wurin ajiya ya yi araha a yau, kuma shi kansa ba ya yarda ya matse sakamakon bincike, domin lamba aba ce mai laushi, abin da aka matse kuwa ba lallai ne ya dawo yadda yake ba. Shawararsa ita ce ɗalibi ya fitar da sakamakonsa a CSV ko Excel, ya ajiye shi a buɗe inda ido zai gani.

Ina ganin girman Malam, kuma na san kishin ɗalibai ne ya sa shi rubutun. Amma shawarar za ta cuci waɗanda aka yi ta dominsu, kuma inda ta fi kama da taka-tsantsan nan ne ta fi cutarwa. Don haka da maganar tsoron lalacewar lamba zan fara.

Matsi iri biyu ne, Malam ya zuba su a kwando ɗaya. Akwai wanda ake yi wa hoto da sauti, irin JPEG da MP3, inda ake zubar da abin da ake ganin ido ko kunne ba zai lura da rashinsa ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton takarda ya tura ta WhatsApp, ya ga ƙananan rubutun sun dishe, ya san wannan nau'in. Ina kyautata zaton daga can tsoron ya taso. Amma zip da gzip ba sa zubar da ko bit ɗaya. Hanyar da suke bi sunanta DEFLATE. Phil Katz ne ya ƙirƙiro ta don manhajarsa PKZIP, aka kuma rubuta cikakken bayaninta a takardar RFC 1951 a shekarar 1996, kowa na iya karantawa. Dabaru biyu aka haɗa a cikinta. Ta farko ta Abraham Lempel da Jacob Ziv ce, daga 1977: idan manhaja tana karanta fayil ta ci karo da jerin bayit ɗin da ta riga ta gani a cikin kilobayit 32 na baya, ba ta sake rubuta shi, sai ta sa alama cewa a koma baya taki kaza a kwafo guda kaza. Haka mai shago yake yi a littafin bashi: in mutum ɗaya ya karɓi kaya iri ɗaya kwana biyar a jere, ba ya sake rubuta sunan da kayan, sai ya ja alamar “kamar na sama”. Babu abin da ya ɓata, mai karatu zai iya mayar da kowane layi cikakke. Dabara ta biyu ta David Huffman ce, daga 1952: alamar da ta fi yawan fitowa a ba ta gajeriyar lamba, wadda ba ta cika fitowa ba a ba ta doguwa. Mai buɗe ƙunshin, wato fayil ɗin da aka matse, yana bin sawun nan ne a juye, har ya iso ga ainihin bayit ɗin da aka fara da su.

Kuma ba a bar mu da yarda kawai ba. Kowane fayil da ke cikin ƙunshin ZIP yana ɗauke da hatimi mai bit 32 da ake kira CRC-32, wanda aka lissafo daga abin da ke cikinsa kafin matsi. In an buɗe, sai a sake lissafin a gwada. In bai dace ba, mai buɗewa yana da hujjar ƙin karɓa. Haka gzip ma yake, a bayit 8 na ƙarshensa yake ajiye hatimin da girman fayil na asali. Fayil ɗin CSV da Malam ya aminta da shi ba shi da irin wannan hatimi ko kaɗan.

To a ina lambobi suke lalacewa? Suna lalacewa, Malam bai yi mafarki ba. Sai dai an bar jaki ne ana dukan taiki. MATLAB da Octave, in ba a zaɓi wani tsari ba, suna riƙe kowace lamba a bayit 8, kuma in ana so a rubuta irin wannan lamba da haruffa a sake karanto ta ba tare da ta sauya ba, sai an rubuta alƙaluma har 17. Tsohon umarnin csvwrite na MATLAB, wanda har yau yana cike a littattafan koyarwa da bayanan da ɗalibai ke gada daga na gaba da su, alƙaluma 5 kawai yake rubutawa. Kamfanin da ya yi MATLAB da kansa ya faɗi haka a bayanin umarnin, kuma tun 2019 ya kawo writematrix ya shawarci mutane su koma can. Ka ba csvwrite lamba 123456.789, zai rubuta maka 1.2346e+05, wato 123460. Ka ba shi lambar rajista 2024001 da 2024002, dukansu za su fito 2.024e+06, mutum biyu sun zama ɗaya. Ka ba shi matsayin gona a taswira, a ce digiri 12.00226 arewa, zai mayar da shi 12.002. Digiri ɗaya wajen kilomita 111 ne, don haka yanke lamba a gurbi na uku bayan ɗigo na iya gusar da wuri har kimanin mita 55, abin da ya isa ya fitar da kai daga gonar da ka auna ya kai ka ta maƙwabci. Excel kuwa alƙaluma 15 yake riƙewa, abin da ya wuce nan ya tafi. A watan Oktoba na 2020 aka gano cewa hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta tsallake mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona, saboda an zuba bayanan a tsohon tsarin Excel mai iyakar layi 65,536, abin da ya haura ya zube ba tare da wani gargaɗi ba. Babu matsi a ko ɗaya cikin waɗannan asarori. Duk a fayil buɗaɗɗe suka faru, inda ido ke gani.

Akwai wani abu kuma da ya shafi duk mai sauke bayanai a inda intanet ke yankewa ko wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Tsarin ZIP yana ajiye fihirisarsa, wato jerin sunayen fayilolin da inda kowanne yake, a ƙarshen ƙunshi. In saukewa ta katse, fihirisa ba ta iso ba, unzip zai ƙi buɗewa ya ba ka saƙon kuskure. Abin haushi ne, amma ka san inda kake. A ƙaddara CSV ne mai layi miliyan ɗaya ya katse a layi na dubu ɗari bakwai. Zai buɗe lafiya lau. Za ka lissafa matsakaici, ka zana jadawali, ka kai wa mai duba aikinka, ba wanda zai san kashi 30 cikin 100 na bayanan bai taɓa shigowa ba. Na fi son fayil ɗin da zai ƙi buɗewa a kan wanda zai buɗe ya yi mini shiru.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Malam ya ce buɗe ƙunshi ba lissafi ba ne, a bar wa hannu da linzami. Ni kuwa ina cewa duk matakin da bayanai suka bi daga inda aka samo su zuwa jadawalin da ke cikin kundin bincike, sashen lissafin ne, kuma abin da hannu ya yi ba ya barin shaida.

Na taɓa zama da wata ɗaliba da ke shirin kare kundinta. A kwamfutarta akwai folda uku, duk daga ƙunshi ɗaya aka zazzage su a lokuta daban-daban. A ɗaya ta gyara wasu lambobi da hannu bayan ta ga kamar kuskure ne, a ɗaya abokin aikinta ya goge fayiloli biyu, ta ukun ba a taɓa ta ba. Hoton da ke babi na huɗu daga wacce ya fito? Ta kasa tunawa, kuma ba sakaci ba ne, wata takwas ne suka wuce. Mun kwana biyu muna sake gudanar da lissafin a kan kowace folda kafin mu gane. Da layin farko na rubutun umarninta ya ce a buɗe ƙunshi kaza a zuba a sabuwar folda ta wucin gadi, layi na biyu ya ce a gyara lamba kaza saboda dalili kaza, da tambayar ba ta taso ba. Ƙunshin asali yana nan ba a taɓa shi ba, kowane gyara a rubuce yake, duk wanda ya karɓi aikin bayan shekara biyar zai danna sau ɗaya ya ga abin da ta gani.

Kuma duniyar bayanai a matse take zuwa, ko mun so ko mun ƙi. Hotunan lambobin hannu na MNIST, guda 60,000 na koyarwa da 10,000 na gwaji, a fayilolin gz ake raba su. Tarin hotuna na CIFAR-10 yana da ƙunshi na musamman don MATLAB, a tar.gz. Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne na ruwan sama. Bayanan CHIRPS, waɗanda masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suke haɗawa daga taurarin ɗan'adam da ma'aunan ƙasa, sun fara daga 1981, kowane murabba'i digiri 0.05, wato wajen kilomita 5. Masu nazarin damina a yankin Sahel suna dogara da su sosai, domin tashoshin awon ruwa a ƙasa ba su da yawa. A tsarin taswirar kullum, kowace rana fayil ɗinta daban, kowanne a matse da gzip. Ɗalibi a Kano ko Zariya ko Yamai da yake son ya san ko farkon damina ya gusa a shekaru 40, daga 1981 zuwa 2020, fayil 14,610 ke gabansa.

Malam zai ce a zaɓe su duka a buɗe gaba ɗaya, WinRAR na iya wannan. Gaskiya ne. Amma a ƙaddara kowanne in ya buɗe ya kai megabayit 10. Jimla gigabayit 146 ke nan, a kwamfutar ɗalibi wadda wataƙila duk rumbunta gigabayit 256 ne, kuma manhajoji sun riga sun cinye rabi. Abin da yake nema a kowace taswira kuwa ɗan yanki ne da bai fi jiharsa ba. A rubuce, aikin layuka kaɗan ne: a nemo wurin wucin gadi da tempdir, a buɗe fayil ɗaya da gunzip, a karanto yankin da ake so a ajiye lambobinsa, a goge abin da aka buɗe, a wuce na gaba. Ba a taɓa buƙatar wurin da ya wuce na fayil ɗaya ba. In wuta ta ɗauke a rana ta dubu tara, rubutun na iya duba inda ya tsaya ya ci gaba. Wannan ba abin da danna linzami zai iya ba ne, kuma shi ne bambancin ɗalibin da zai yi binciken da wanda zai ce kwamfutarsa ta yi ƙanƙanta ya sauya maudu'i.

Dalilin da ya sa irin waɗannan taswirori suke matsuwa sosai shi kansa darasi ne. Duk inda teku yake, lamba ɗaya ce ake maimaitawa, -9999, alamar babu awo. A watan Janairu kuwa daga hamada har ƙasar Hausa sifili ne a jere. “Kamar na sama” ne sau dubbai.

Maganar arahar wurin ajiya ba ta buƙatar dogon bayani. Ko da rumbu ya yi araha, hanya ba ta yi ba. Ɗalibi da kuɗin aljihunsa yake sayen data, imel yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma kwafe ƙananan fayiloli dubu goma zuwa filashi ya fi kwafe ƙunshi ɗaya mai nauyinsu jinkiri nesa ba kusa ba.

Akwai abin da nake so Malam ya gwada da hannunsa. Ya ɗauki kowane fayil na Excel mai ƙarewa da xlsx, ya sauya ƙarshen sunan zuwa zip, ya buɗe. Zai tarar da foldoji da fayilolin XML a ciki, domin xlsx ƙunshin ZIP ne, haka docx, haka slx na Simulink, haka npz na NumPy, wanda ba komai ba ne illa fayilolin npy da aka ɗaure a ZIP. Umarnin save na MATLAB kansa, tun sigar 7 ta 2004, matse bayanai yake yi kafin ya rubuta fayil ɗin mat. A manhajar R ma umarnin saveRDS da gzip yake matsewa in ba a hana shi ba. Ke nan duk sakamakon da Malam ya ajiye da save tun 2004 ya bi ta cikin matsi ya fito, kuma lambobinsa ba su sauya ba. Shaidar da ta fi ƙarfi a kan amincin hanyar tana cikin kwamfutarsa.

Ba zan ɓoye inda maganarsa take da ƙamshin gaskiya ba, domin akwai, ko da bai kawo su da kansa ba.

Matsi ba ya aiki a kan komai. Ka gina jadawali mai layi 1000 da ginshiƙi 1000, bayit miliyan 8 ke nan. In sifili ne zalla, DEFLATE zai mayar da shi wajen kilobayit 8, domin iyakar ƙarfinsa kusan ninki 1000 ne. In kuwa umarnin rand ne ya cika shi da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi, ragin ba zai kai kashi 10 cikin 100 ba, saboda bit 52 na jikin kowace lamba ba su da wani maimaici da za a kama. Sakamakon kwaikwayon lissafi da yawa haka yake, wutsiyar lambobinsa hayaniya ce. Wannan ba gazawar manhaja ba ce. Babu wata hanyar matsi marar asara da za ta rage kowane irin fayil, domin gajerun fayiloli ba su kai dogaye yawa ba, ba yadda za a yi kowane dogo ya sami gajeren da zai wakilce shi shi kaɗai. Saboda haka mai sake matse fayil ɗin mat ko JPEG don ya rage nauyi, wutar lantarki kawai yake ƙonawa. A babban aiki ma matsin na iya zama shi ne abin da ke jan lokaci, shi ya sa save yake da zaɓin -nocompression. Ɗalibin da ya san wannan zai auna ya zaɓa. Wanda aka ce masa kada ya kusanci batun, ba zai san ma akwai zaɓi ba.

Haka zaɓi tsakanin ZIP da tar.gz. Tar, wanda ya zo da Unix a 1979 don rubutu a kan kaset, ɗauri kawai yake yi ba ya matsewa. Gzip, na Jean-loup Gailly da Mark Adler daga 1992, matsewa kawai yake yi, fayil ɗaya tak. In an haɗa su, ana ɗaure fayilolin su zama dami ɗaya sannan a matse damin, don haka maimaicin da ke tsakanin fayil da maƙwabcinsa ma ana cin moriyarsa. Ga ƙananan fayiloli dubbai masu kama da juna, wannan ya fi ragi. Amma in ɓarna ta sami tsakiyar damin, abin da ke bayanta yana cikin haɗari, kuma in fayil na ƙarshe kake so sai an warware duk na gabansa. ZIP yana matse kowane fayil daban, ɓarnar ɗaya ba ta shafar sauran, kuma fihirisa na kai ka kai tsaye ga wanda kake nema. Abin da zan ajiye a filashin da ke yawo a aljihu, ZIP zan zaɓa masa.

Sai haɗarin da ya fi girma, wanda ba a matsewa yake ba, a buɗewa yake. Unzip na MATLAB, in ya tarar da fayil mai suna ɗaya a inda zai zuba kaya kuma kana da izinin rubutu a kansa, zai maye gurbinsa da na cikin ƙunshin. Wanda ya buɗe tsohon ƙunshi a cikin foldar da yake aiki na iya shafe gyaran mako guda. Maganinsa abu na biyu da ake ba umarnin, inda ake faɗin foldar da za a zuba, kuma ta kasance sabuwa. Akwai kuma ƙunshin da aka gina da mugun nufi. Sunan fayil a cikin ƙunshi na iya farawa da ɗigo biyu da karkatacciyar sanda, alamar a hau folda ta sama, a maimaita har a fita daga inda ka ce a zuba a je a rubuta a wani wuri. Kamfanin tsaro na Snyk ya bayyana yaɗuwar wannan rauni a watan Yuni na 2018 ya sa masa suna Zip Slip. A Python an san irinsa a sashen tarfile tun 2007, sai a siga ta 3.12 aka kawo matatar da ke tace irin waɗannan sunaye. Akwai kuma sanannen 42.zip, mai nauyin kilobayit 42, ƙunshi cikin ƙunshi, wanda in aka warware shi duka zai kai petabayit 4.5.

Wani zai ce to ai wannan ya ƙarfafa maganar Malam. Ni akasin haka na gani. Mai danna linzami buɗewa yake yi sannan ya ga abin da ya fito. Mai rubutu yana iya dubawa kafin ya buɗe. A R, unzip yana da zaɓin da zai jero sunaye da girman kowane fayil ba tare da ya fitar da komai ba. A Python, zipfile yana ba da wannan jerin. Layi uku sun isa a ce: in wani suna yana neman fita daga folda a tsaya, in jimlar girman ta wuce abin da rumbu zai ɗauka a tsaya, in adadin fayilolin bai kai wanda ake tsammani ba a tsaya. An rubuta sau ɗaya, zai yi gadi kullum, har ranar da mai aikin ya gaji ko yake sauri.

Wani cikas na gaskiya shi ne ba kowace manhaja ce take yin aikin da kanta ba. Zip na R da na Octave suna kiran wata manhajar zip ta waje ne, in babu ita a kwamfutar sai umarnin ya faɗi, abin da masu Windows suka fi cin karo da shi. Rubutun da ya yi aiki a ɗakin gwaji na iya ƙin aiki a gida. Ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibai wannan tun ranar farko.

Amma WinRAR da Malam ya miƙa mu gare shi yana da nasa cikas da ya fi wannan. Tsarin RAR na Eugene Roshal ne, daga 1993, kuma hanyar matsinsa mallakar masu shi ce, lasisinsu ya hana a yi amfani da manhajar buɗewarsu a gina mai matsewa. Shi ya sa babu umarnin rar a MATLAB, babu shi a ainihin kayan Python. Katz kuwa, bayan shari'ar da kamfanin SEA ya yi da shi a 1988 kan tsarin matsi na ARC, da ya fito da ZIP a 1989 sai ya wallafa bayanin tsarin ga kowa. Ya rasu a 2000 yana da shekara 37, amma ƙunshin da aka yi da DEFLATE ɗinsa a tsakiyar shekarun 1990 har yau kowace kwamfuta na buɗe shi ba tare da an sayi komai ba. Ɗalibin da ya tura wa mujalla ko abokin bincike a wata ƙasa bayanansa a rar ya ɗora masa neman wata manhaja, kuma ya yanke wa rubutun umarnin wancan hanya.

Tsufan ZIP yana da tabonsa, kuma ɗaya ya shafe mu kai tsaye. Tsarin farko da jerin haruffan kwamfutar IBM mai gurbi 256 yake rubuta sunayen fayiloli, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a ciki. Sai a 2006 aka ƙara alamar da ke nuna an rubuta suna da UTF-8, kuma ba kowace tsohuwar manhaja ce take sa alamar ko take duba ta ba. Fayil mai suna da ƙugiya na iya shiga lafiya ya fito da baƙin haruffa a wata kwamfutar, rubutun umarni ya neme shi ya rasa, alhali abin da ke cikinsa ko ƙwarzane bai samu ba. Ni abin da nake yi shi ne in bar sunayen fayiloli da haruffa marasa ƙugiya da lambobi, in sa ƙaramin fayil na bayani a cikin ƙunshin, a can in rubuta Hausata da ƙugiyoyinta cikakku: mene ne kowane fayil, daga ina ya zo, wace rana, da wace siga ta manhaja. Wannan fayil ɗin ma rubutun umarnin ne yake samar da shi, a layin da ke gaban zip, don kada ranar ta dogara da tunanina.

Ina roƙon Malam ya ba batun nan awa ɗaya a ajinsa kafin ya yanke hukunci na ƙarshe. Ɗalibai su gina jadawalin lambobi da rand, su ajiye shi ta hanya biyu. Ta farko da save, sannan zip, sannan unzip a sabuwar folda, sannan load. Ta biyu da csvwrite, sannan csvread. Su gwada kowanne da jadawalin asali ta umarnin isequal, wanda ba ya amsa 1 sai kowace lamba ta dace daidai. Na san wanne zai ba da 1 wanne zai ba da 0, amma gara ɗaliban su gani a allon kwamfutarsu da idonsu, Malam yana tsaye a bayansu.